Mas'alar Yaji a Tukunyar Lobsta

Daga cikin halittun da Allah Ya ajiye a ƙarƙashin bahar akwai wata dabba da Turawa ke kira lobsta, wadda idan mutum ya so siffanta ta ga wanda bai taɓa barin tudu ba, sai ya ce masa ya ɗauki jatan lande a zuciyarsa ya girmama shi har ya haura taƙi guda, sa'an nan ya ara masa hannuwan ƙaguwa biyu masu kama da awartaki, ɗaya mai kauri na farfasawa, ɗaya siriri na yanka. Malamanmu na Malikiyya ba su da ja a kan halaccinta, domin a wurinsu abin da ke rayuwa a teku halal ne, Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai. Saboda haka saɓanin da za mu duba a nan na madafa ne, watau gwargwadon kayan yajin da ya kamata mai girki ya zuba idan ya kawo wannan dabba gidansa.

Mazhabar farko ita ce ta mutanen jihar Maine, a kusurwar arewa maso gabashin Amurka, waɗanda su ne ma'abota abin, tun da yake masuntansu sun sha fito da lobsta mai nauyin fiye da fam miliyan 100 a shekara guda. Su a wurinsu babu abin da ke shiga tukunya sai ruwan teku, ko ruwan gishiri idan teku ta yi nisa, kuma idan an sauke ba a kawo kome a gefe sai narkakken man shanu da yankin lemun tsami. Wanda ya je bikin lobsta da ake yi a garin Rockland kowace shekara, haka zai tarar da ita, ja wur a faranti, da masara dafaffiya a gefenta. Hujjarsu ita ce dabbar da ta yi shekara biyar zuwa bakwai a ruwan sanyi kafin ta kai girman da doka ta yarda a kama, wadda ake auna bayanta da awo a mayar da ita ruwa idan bai kai inci uku da kwata ba ko kuwa ya wuce inci biyar, wadda kuma idan mace ce mai ƙwai ake tsaga mata jela alama don kada wani ya sake ɗaukarta, tana da wani zaƙi da gardi nata na kanta, marar ƙarfi, wanda barkono kaɗan ya isa ya binne shi. Abin mamaki, kakannin waɗannan masu taka-tsantsan sun taɓa ganin lobsta arha har ana sa ta a ƙugiya don kama kifi, ana zuba ta a gona a madadin taki, sai da aka fara sa ta a gwangwani a ƙarni na 19, jirgin ƙasa kuma ya kai ta manyan birane, sannan ta zama abincin masu hali. Ina zaton tsada na da hannu a cikin wannan girmamawa, domin abin da aka saya da tsada ba a son a rufe masa fuska.

Mazhaba ta biyu ta taso ne daga kudu da Maine. A jihar Luwiziyana, inda ake dafa ƙananan 'yan'uwan lobsta na ruwan daɗi buhu-buhu, ana cika tukunya da jan barkono da tafarnuwa da albasa da lemun tsami har mai tsayuwa kusa ya yi ta atishawa. A birnin Baltimo kuwa akwai garin yajin nan mai suna Old Bay, wanda wani baƙo daga Jamus, Gustav Brunn, ya haɗa da gishiri da 'ya'yan seleri da garin tattasai da sauransu, ake barbaɗa shi a kan ƙaguwa har ba a ganin bayanta. Mabiya wannan hanya, da suka ga ta yi kyau a can, sai suka yi ƙiyasi suka ce lobsta ma haka, alhali kuwa ƙiyasi ne da akwai bambanci a cikinsa, gama illar da ta sa hukuncin ya tabbata a asali ba ta samu a reshe ba. Waɗancan ƙananan halittu na Luwiziyana ɓawonsu siriri ne, kuma bayan an kashe wuta ana barinsu su jiƙa a cikin romon su sha, mai ci kuma yana ɓarewa da yatsu yana tsotsar kai, ta yadda rabin yajin da yake ji daga yatsunsa ya fito. Lobsta kuwa sulke gare ta mai kauri, mintocin da take yi a wuta ba su isa yaji ya ratsa ba, idan kuma aka ce a bar ta ta jiƙa, kafin yajin ya shiga tsokar ta zama roba.

Wannan ban karanta shi a littafi ba kafin in ɗanɗana shi. Wata shekara da na sauka a wani gari na bakin teku a can Maine, na sayo guda biyu da ransu, hannuwansu ɗaure da roba, launinsu kore-kore mai duhu kamar tsohuwar tagulla, kuma da yake harshena ya saba da citta da masoro da kanumfari, na ce lallai ba zan ci abu lami ba. Na zuba waɗannan duka a ruwa, na ƙara barkono cokali uku, har tagogin ɗakin girkin suka yi gumi, matar mai masaukina, wata dattijuwa, ta fita tana tari ba ta ce mini uffan ba. Da suka yi ja na fasa hannun ɗaya, sai ga tsoka fara fat, na kai baki, ban ji citta ba, ban ji barkono ba, abin da na ji kawai shi ne ƙarancin gishiri, domin na shagala da yaji na yi rowar abin da ya fi muhimmanci. Romon da ya kwashe dukiyar kuwa a makwarara ya ƙare.

Idan muka waiwayi al'ummomin da suka shahara da sa wa lobsta kayan haɗi masu ƙarfi, za mu ga dukansu sun gane wannan sirri tun da daɗewa, shi ya sa ba wanda ke dafa ta a rufe. Faransawa, a girkin da suke jinginawa ga Amurka, wanda wasunsu suka dage cewa sunan asalinsa na yankin Biritaniyarsu ne aka gurɓata, daddatsa ta suke yi ɗanya su soya a mai, su haɗa da tumatir da tafarnuwa da ɗan jan barkono, sai kuma giya, wadda Musulmi zai maye gurbinta da romo da lemun tsami. Girkin Tamido, mai ɗauke da sunan wasan kwaikwayon Victorien Sardou na 1891, ciro tsokar ake yi a juya ta a kirim da mastad a mayar cikin ɓawo a gasa. Mutanen Kanton na ƙasar Sin su ma sara suke yi gunduwa-gunduwa, su barbaɗa garin sitaci, su jefa a kasko mai zafi da ɗanyar citta da koren albasa. Sharaɗin ɗaya ne a ko'ina: sai wuƙa ta buɗe ƙofa sannan yaji ya shiga.

Abin da ke ratsa sulken nan, ko aƙalla ya hana ruwa tsotse ɗanɗanon da ke ciki, shi ne gishiri, kuma ma'auninsa na hannun teku, wadda ke ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita. Wanda ya ji wannan ya yi masa yawa, ya tuna ba romon zai sha ba. Lobsta mai nauyin rabin kilo minti takwas ya ishe ta a tafasasshen ruwa, idan kuwa turarawa za a yi, kamar yadda ake yi wa dambu, sai a ƙara minti biyu, kuma ni na fi son turarawar domin ruwa bai cika shiga jikinta ba. Kada jan ɓawo ya ruɗi mutum, gama launin nan yana bayyana ne da zarar zafi ya warware sinadarin da ke ɓoye shi, tun tsokar ba ta nuna ba. Wajibi ne kuma a same ta da rai, saboda tana mutuwa abin da ke cikinta yake fara narkar da namanta. A nan ne mas'alar tausayi ta shigo, har ƙasar Suwizalan ta hana jefa ta da rai a tafasasshen ruwa tun 2018 sai an sumar da ita, Birtaniya kuma a dokar 2022 ta lissafa ta cikin halittu masu jin ciwo. Wanda addininsa ya umarce shi da kyautata yanka da wasa wuƙa ba ya buƙatar doguwar muhawara a kan wannan: ya sanyaya ta cikin ƙanƙara har ta lafa, sannan ya soka wuƙa a tsakiyar kai ya tsaga da sauri.

To, ina matsayin mai son yaji? Ba na cikin masu ganin barkono bidi'a ne a kan lobsta, domin akwai wuraren da shi ne daidai. Jelar da ta yi watanni a ƙanƙara, ta ƙetare teku a cikin kwali, ta riga ta rasa mafi yawan zaƙin da mutanen Maine ke karewa, kuma wanda ya tsaga ta ya shafa mata tafarnuwa da citta da attaruhu ya gasa a garwashi bai zalunce ta ba. Haka kai da ɓawo da ƙafafu, waɗanda galibi ake zubarwa, idan aka soya su aka dafa da tumatir da kayan ƙamshi, romon da suke bayarwa yana ɗaukar yaji iya son mai girki. Amma wadda ta zo da ranta, mai nauyi a hannu, tana kaɗa jela idan an ɗaga ta, hukuncina a kanta shi ne gishiri a ruwa, yaji a man shanu: a narka man a hankali da ƙwayar tafarnuwa guda da ɗan barkono a bakin cokali, a ajiye a ƙaramin kwano a gefe, kowa ya tsoma gwargwadon harshensa. Ina dai roƙon mai karatu abu guda, idan Allah Ya haɗa shi da ita, lomar farko ya ci ta ba tare da ya tsoma a kome ba.