Daga Filofi Zuwa Fulash: Nazari Kan Sana'ar Ƙetarar da Fayil

A watan Maris na 2011 kamfanin Sony ya daina ƙera filofi mai faɗin inci 3.5, faifan da shi da kansa ya fito da shi a farkon shekarun 1980. Kafin nan ma masu ƙera kwamfuta sun fara toshe ramin da ake zura shi. Apple ta yi haka tun 1998 da ta fitar da iMac. Amma daina ƙera faifai ba ya kwashe abin da aka riga aka zuba a cikinsa. Rundunar sojan saman Amurka ba ta rabu da filofi mai inci 8 a tsarin aika umarnin makaman nukiliya ba sai 2019. Gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta gama soke dokoki fiye da dubu da suka wajabta miƙa bayanai a kan filofi da ire-irensa. Manya ke nan, masu kuɗi da ma'aikata. Marubuta da malamai da masu zane, nasu faya-fayan suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. A wannan giɓi ne wata sana'a ta tsiro, ta ƙetarar da fayil tsakanin tsohuwar kwamfuta da ta yau. Mafi yawan masu yin ta ba albashi ake ba su ba, sha'awa ce ta riƙe su, kuma sun fi yawa a Amurka da Birtaniya da Jamus, inda waɗancan injuna suka shiga gidaje tun da wuri.

Hanyar zuwa da dawowa ce. Akwai mai son ya sauke wasa daga intanet ya kai wa tsohuwar Commodore 64 tasa, don ya sake ganin ta a raye. Akwai kuma mai son ya ciro rubutun mahaifinsa daga faifan da ya shekara talatin a ajiye. Kayan aikinsu kusan ɗaya ne, suna ma koya wa juna, amma nauyin da ke wuyansu ba ɗaya ba ne. Na farko in ya yi kuskure sai ya sake saukewa. Na biyu wani lokaci sau ɗaya faifan zai yarda ya juya kafin ya kankare. A ganina da ma'aunin mutum na biyun ya kamata a auna sana'ar baki ɗaya, kuma in an auna da shi za a ga ta gwanance ƙwarai wajen ƙetarar da lambobi, ta kuma bar rabin aikin a baya.

Hanya mafi tsufa ita ce waya. Tun 1960 aka tsara ƙa'idar RS-232, wadda ke tura bayani bit ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ka sami kwamfutar shekarun 1980 da ba za a iya haɗa ta da wannan ƙa'ida ba. Ana samun kebul ɗin da aka sarƙe wayoyinsa biyu, ta aikawa a wannan gefe ta faɗa kan ta karɓa a wancan, sai a ƙara ɗan abin da ke mai da USB zuwa tsohon rami. Daga nan sai yarjejeniya. A 1977 Ward Christensen ya rubuta XMODEM: a yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bayit 128, a liƙa mata lambar bincike, mai karɓa ya amsa ya samu ko ya ce a maimaita. A 1981 Frank da Cruz da Bill Catchings na Jami'ar Kolambiya suka fito da Kermit, don ɗalibai su riƙa kwashe aikinsu daga manyan injunan jami'a zuwa ƙananan kwamfutoci. Kermit bai ɗauki komai da yarda ba. Yakan mai da duk abin da zai aika zuwa haruffan da kowane inji zai iya ɗauka, ko da layin mai hayaniya ne. ZMODEM na Chuck Forsberg, a 1986, ya fi su sauri, kuma in waya ta katse yakan ci gaba daga inda aka tsaya.

Abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne, an gina waɗannan ƙa'idoji bisa sanin cewa injuna sun bambanta kuma layi yana cin bayani, shi ya sa ba su tsufa ba. Sai dai suna neman haƙuri. A saurin bit 9600 cikin daƙiƙa, filofi guda mai megabayit 1.44 yakan ci kusan minti ashirin da biyar.

Sai wata tambaya da kan tsayar da sabon shiga. Kafin tsohuwar kwamfuta ta karɓi fayil sai tana da manhajar karɓa, to ita manhajar ta ina za ta shiga, alhali babu faifai ko ɗaya mai aiki a gidan? Masu Apple II suna da amsa mai kyau a manhajar ADTPro. Za ka kunna injin babu komai a cikinsa, ka buga IN#2 a kan madannansa, wato ka umarce shi ya daina sauraron yatsunka ya saurari ramin waya. Daga can sai sabuwar kwamfutar ta fara buga masa shirin da kanta. Kana zaune kana kallon lambobi suna gangarowa layi-layi a kan koren allo, ba wanda ya taɓa madanni, har ƙaramin shirin ya kammala ya janyo babban. Daga nan injin zai iya rubuta sabon faifai mai kilobayit 140. In babu katin waya, ana bi ta ramin kaset: sabuwar kwamfuta ta yi ƙara ta wurin da ake sa abin sauraro, tsohuwar ta mai da ƙarar bayani. Wanda ya tsara wannan ya fahimci injin ciki da bai.

Amma waya tana buƙatar tsohon inji mai rai. In ya mutu, saura faifan kaɗai, a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Sukan sayi ɗan akwatin filofi mai USB, su zura faifai, kwamfuta ta ce ba a tsara shi ba, ko tana so ta tsara shi. Wanda ya amsa mata da e ya shafe komai da hannunsa. Gaskiyar magana ita ce faifan lafiya lau yake, akwatin ne bai san kowane tsari ba sai na IBM, mai kilobayit 720 ko megabayit 1.44. A wancan zamani kowane kamfani da yadda yake jera bayani a kan maganaɗisu. Amiga takan cusa kilobayit 880 a faifan da IBM ke sa wa 720, domin tana rubuta da'ira guda cif a lokaci ɗaya. Macintosh ta farko tana canja saurin juyin faifai gwargwadon nisan kan karatu daga tsakiya. Akwatin filofin Commodore 1541 yana sa yanki 21 a da'irar waje, 17 a ta ciki. Steve Wozniak ya yi wa Apple II nasa tsarin daban a 1978, don ya rage yawan kayan lantarki. A ido duk faya-fayai masu girma ɗaya iri ɗaya ne.

Maganin da sana'ar ta samo wa wannan shi ne mafi girman abin da ta yi. Na'urori irin su KryoFlux da Greaseweazle, wadda Keir Fraser ya ƙirƙira ya kuma saki tsarinta kyauta, ba sa ƙoƙarin fahimtar abin da ke kan faifai. Suna auna tazarar lokaci ne kawai tsakanin juyin maganaɗisu ɗaya da na gaba, su adana awon yadda yake. Fassara sai daga baya, a kan sabuwar kwamfuta, sau nawa aka ga dama, ba tare da an sake wahalar da faifan ba. In yau ba a gane tsarin ba, awon yana nan har ranar da wani zai gane. Kuma masu wannan aiki suna da ladubban da suka koya daga ɓarna. Kafin komai a kulle faifai daga rubutu: a mai inci 3.5 a buɗe 'yar tagar kusurwa, a mai inci 5.25 a liƙe tsagar gefe. A juya faifan da yatsa a gaban fitila a duba ko fumfuna ta kama shi. In ta kama, a wanke shi a hankali da auduga da sinadarin goge kayan lantarki, domin faifai mai datti yakan shafa wa kan karatu, kan kuma ya karce duk faifan da ya biyo baya. Da an ji ƙara mai kama da ƙugi, a kashe nan take.

A ɗaya gefen akwai na'urorin sauƙi. Gotek ɗan akwati ne da ake sawa a gurbin filofi, a soka masa fulash, tsohon inji ya ɗauka faifai yake karantawa. SD2IEC na yi wa Commodore irin wannan da katin memori. Ba na raina su; su ne suka tsawaita ran tsofaffin injunan surfani da na masana'antu da kayan kiɗa na Yamaha da Roland waɗanda ba su san wata ƙofa ba sai filofi. Sai dai aikinsu ciyar da inji ne, ba ceton abin da ke cikin kwali ba. Kuma saboda su ne suka fi farin jini, mutum yakan sa Gotek ya ga injinsa ya tashi, ya ɗauka an gama, faya-fayan asali kuwa su ci gaba da ruɓewa.

To a ce lambobi sun ƙetare lafiya, ba ko bit ɗaya da ya faɗi. Nan ne rabin aikin da na ce ana bari. A 1985 Commodore ta ba mai zane Andy Warhol sabuwar Amiga, ya yi zane-zane da ita. Faya-fayan suka zauna a gidan tarihinsa da ke Pittsburgh har mai zane Cory Arcangel ya ja hankalin ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon, aka sanar da sakamakon a 2014. Ciro bayanin bai ba su wahala kamar buɗe shi ba, don an adana hotunan a tsarin da manhajojin da ke hannu ba su gane ba, sai da suka warware shi da kansu kafin hoton gwangwanin miyar Campbell da Warhol ya zana ya bayyana. Haka ƙananan abubuwa ke yi kullum. DOS tana rufe layi da alama biyu, Unix da ɗaya, tsohuwar Macintosh da wata ɗayar daban. WordStar yakan taɓa bit na takwas a harafin ƙarshe na kalmomi, sai rubutun ya fito a sabon inji kowace kalma da gurɓataccen wutsiya. Fayil ɗin tsohuwar Macintosh reshe biyu gare shi, in ya ratsa ta Windows ba a naɗe shi ba, reshe ɗaya yakan zube a hanya.

Babban darasi ya zo daga Birtaniya. A 1986 BBC ta haɗa aikin Domesday don cikar shekara 900 da littafin ƙidayar ƙasa na 1086. Mutum fiye da miliyan suka ba da gudummawa, galibi 'yan makaranta, aka zuba komai a kan manyan faya-fayan leza guda biyu da sai inji na musamman ke karantawa. Cikin shekara goma sha biyar injunan sun kusa ƙarewa, sai da masu bincike daga jami'o'in Leeds da Michigan suka gina manhajar da ke kwaikwayon tsohon injin a 2002. Littafin 1086 kuwa, na fata da tawada, yana ma'adanar takardun tarihi da ke Kew ana karanta shi.

Wannan matsala ta same mu a gida, ko da ba mu yi zamanin Apple II ba. Kafin Unicode ya zauna da gindinsa, masu buga Hausa a shagunan buga takardu da jami'o'i sun dogara da samfuran haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa harshen hidima babba. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana haruffa masu lanƙwasa a kansu. Muddin samfurin yana cikin kwamfuta, komai daidai. Da fayil ya koma injin da ba shi da shi, sai ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya, ɓangare ya zama ~angare. Duk wanda ya yi karatun Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan. Kundayen digiri da rubutun littattafan da aka buga a shekarun 1990 da farkon 2000 suna kan filofi da CD a wannan hali, ga zafi da ƙura da damina suna aikinsu a kansu.

Abin da ya fi damuna da sana'ar shi ne inda ta karkata ƙarfinta. Wasannin kwamfuta sun sami gata: an kwafe su, an jera su, an tantance bambancin bugu da bugu. Da aka gano faya-fayan asali na wasan Prince of Persia a 2012, ƙwararru suka je har gidan Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan, da kayan aiki, aka sa rubutun shirin a GitHub. Wannan abu ne mai kyau. Amma wasan da aka sayar da dubban kwafi yana da damar tsira dubu, wasiƙa ko rubutun littafin da bai fito ba kwafinsa ɗaya ne tak a duniya. Dalilin karkatar a fili yake: wasa yana da masoya da yawa masu kuɗin sayen kayan aiki, kuma da an kunna shi an san ya yi ko bai yi ba. Takarda kuwa sai an sami wanda ya san harshenta ya zauna ya karanta.

Rubutun Hausa ya nuna haka sarai. Mayar da alamomin nan zuwa ƙ da ɗ da ɓ aikin daƙiƙa ne ga kwamfuta, amma ba ta san inda marubuci ya yi nufin baka ta gaske ba, kamar a littafin nahawu da ke sa furuci cikin baka mai kusurwa. Samfuran haruffan ma ba duka suka ari gurbi ɗaya ba. Don haka wanda zai ceci irin wannan fayil yana buƙatar ya adana kwafin asali bai taɓa shi ba, ya ajiye samfurin harafin tare da shi, ya rubuta sunan manhajar da aka yi aikin da ita, sannan ya ba mai jin Hausa sabon kwafin ya bi shi layi-layi. Greaseweazle da tsohon akwatin filofi ba su fi ƙarfin kasafin ɗakin karatu na kowace jami'a a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba, kuma sassan nazarin harsunan Nijeriya cike suke da masu iya karatun.