Warin Daddawa da Hancin Marubutanmu

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa da ke yawo a WhatsApp da Wattpad ya san wannan fitowar, don ta kusa zama farilla. An ɗauko yarinya daga ƙauye an kawo ta gidan wani Alhaji a Kano ko Abuja. Tun kafin ta gama gaisuwa Hajiya ta toshe hanci, 'yan matan gidan sun tuntsire da dariya, wai warin daddawa take yi. Bayan wasu shafuka an goge ta, an koya mata girki da kori da tayim da dunƙulen Maggi, sai ga ɗan gidan da ya dawo daga Ingila ya fara satar kallonta. Daga nan daddawa ba ta ƙara leƙowa cikin labarin, sai dai a bakin kishiya lokacin gori.

Ba ni da ja a kan Hajiya. Akwai irinta, kuma aikin marubuci ne ya nuna ta yadda take. Inda nake da magana shi ne muryar mai ba da labarin, wadda ita ma ke toshe hanci tare da Hajiya. Ita ce ke kiran miyar kuka "miyar ƙauye" cikin raini, ita ce ke bata shafi guda tana lissafa kayan soyayyar shinkafa, amma ta wuce tuwon dawa da kalma biyu. Ra'ayin mutum ɗaya a cikin labari ya koma hukuncin littafin gaba ɗaya, mai karatu kuma ba a bar masa wurin da zai tsaya ya ce shi ba haka yake ji ba.

Ba mu kaɗai ke da abincin da hanci ke ƙi baki ke so ba. A Malesiya da Indonesiya da Tailan akwai wani ɗan itace mai suna duriyan, mai ɓawo duk ƙaya, wanda mutanen can ke yi wa kirari da sarkin 'ya'yan itatuwa. Warinsa ya kai har an hana shiga da shi jiragen ƙasa na cikin birnin Singafo, otal-otal da yawa ma sun manna sanarwar hana shi. Duk da haka idan kakarsa ta zo mutane layi suke yi. Bature masanin halittu, Alfred Russel Wallace, ya ba da labari a littafinsa na 1869 cewa da farko warin ya hana shi ci, sai da ya tsinci nunanne a ƙasa a tsibirin Borniyo ya ci a sarari, daga ranar ya zama mayensa. Abin da ya sa ake tuna bayanin nasa har yau shi ne bai ɓoye warin ba, bai kuma bari warin ya yanke hukunci ba. Hausawa sun riga shi faɗa: hanci bai san daɗin gishiri ba.

Daddawa tana wari, babu mai musu. Wanda ya wuce ta bayan gidan da ake buɗe ta ranar da ta nuna ya san haka, balle daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Amma warin da daɗin uwarsu ɗaya. Ƙwayoyin halitta da masana ke kira Bacillus subtilis su ne ke narkar da sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa. A nan ne iskar amoniya ke fita ta bugi hanci, a nan ne kuma ake samun sinadarin gulutamet da ke sa miya ta yi armashi. Wannan gulutamet ɗin shi ne wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya tace daga ciyawar teku a 1908, aka mayar da shi farin garin Ajinomoto. Wato abin da jarumar littafi ke barbaɗawa a tukunya don a ce ta waye, kakarta ta daɗe tana samar da shi a cikin kwando. Su Japanawan kuwa har gobe suna karyawa da natto, waken suya da irin waɗannan ƙwayoyin suka sarrafa, mai yauƙi da wari, ba kuma su ɗauke shi abin kunya ba. Yarbawa na da iru, mutanen Mali da Burkina Faso na da sumbala, duk daga ɗorawar nan tamu.

Hasarar da ta fi damuna ta adabi ce. A Dagumawa da ƙauyukan da ke kewaye da Wudil, daddawa sana'ar mata ce mai cin kwanaki. A dafa kalwa wuni guda har ta yi laushi, a surfe ta a turmi, a wanke a raba ta da ɓawo, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku, a kirɓa, a mulmula, a shanya. Ranar Juma'a a kai kasuwar Wudil. Da ribar ake zubin adashi, ake tara kwanukan auren 'ya mace, ake sayen maganin tsoho. Ita ɗorawar ma babu abin yarwa a jikinta: garinta rawaya yara na sha, ɓawonta ake jiƙawa a yi makuba ta daɓe. Ga uwa mai wannan sana'a, ga 'yarta da ke makarantar kwana tana ɓoye yajin daddawa a ƙasan akwati don kada a yi mata dariya, ga miji da ke tunanin sayar wa masu gawayi bishiyar da ke gonarsa. Wannan labari ne cikakke, da soyayyarsa da rikicinsa, amma an mayar da shi zagi na layi ɗaya.

Za a ce masu karatu mafarki suke saye, sun gaji da hayaƙin murhu, don haka a bar su su huta a gidan sama mai sanyi. Akwai gaskiya a ciki, kuma matar da ta dawo aiki da yamma tana da hujjar jefa dunƙule a tukunya. Sai dai yawancin masu karanta waɗannan littattafai a waya da miyar daddawa suka girma. Idan kowane labari yana gaya wa yarinya cewa ba za a so ta ba sai ta wanke ƙamshin ɗakin mahaifiyarta daga jikinta, to an sayar mata da mafarki haɗe da raina kanta.

Ban nemi marubuta su koma yi wa daddawa kirari ba, wannan ma wani ragon rubutu ne. Abin da nake nema shi ne duk lokacin da wari ya shigo labari, mu san hancin wa ya shaƙa. Hajiya ta toshe nata, amma a bar mu mu ga direbanta ya haɗiyi yawu, ko Alhajin da kansa ya lallaɓa kicin da dare yana tambayar ko miyar yarinyar nan ta rage.