Bagadaza a Kwalba, Khartoum a Waya

Larabawa suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, wai Alƙahira ce ke rubutawa, Beirut ta buga, Khartoum ta karanta. In ka je Iraƙi sai su ce a'a, Bagadaza ce ke karantawa. Ban taɓa zaton wannan gardama za ta dame ni ba, sai da biranen biyu suka haɗe mini a cikin wani ɗan labarin zane da na saya da kuɗin da bai kai na kwano biyu na ful ba.

Kafin in shiga zancen, bari in kawar da wani ruɗani. Duk sanda na ce labarin zane na manya, sai in ga wasu sun ɗaga gira, suna tsammanin batsa nake nufi. Abin da nake nufi shi ne almara da aka zana gida-gida a shafi, magana na fitowa daga bakin mutanen ciki, amma batunta mutuwa ne da mulki da imani da nadama, abubuwan da yaro ba zai gane nauyinsu ba. Mu da muka tashi da Gandoki da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, muka zo muka haɗiye littattafan yaƙi na su Abdulaziz Sani Madakin Gini, almara ba baƙuwarmu ba ce. Zanen ne dai muka bar wa yara. Mutanen Sudan sun fi mu sabawa da shi. Tun a shekarun 1940 suka fara buga mujallar yara ta Al-Sibyan, kuma da wuya ka sami dattijon da ya yi boko a can bai san Ammak Tango ba, wanda Sharhabil Ahmed, mawaƙin nan haifaffen Omdurman, ya yi shekaru yana zanawa. Saboda haka a Khartoum babban mutum zai riƙe littafin zane a cikin mota, ba mai yi masa kallon wanda ya koma yarinta.

A shekarun da na yi karatu a can, akwai kasuwar littattafai da ake kira Mafrush, wadda ke ci ranar Talatar farko ta kowane wata a dandalin Atine da ke tsakiyar birni. A ƙasa ake shimfiɗa littattafan, daga nan ma sunan ya samo asali. Nan na tsinci wani kundi na The Sandman wanda bangonsa ya yage, a cikinsa kuwa akwai labarin da ake kira Ramadan, fitowa ta 50 cikin 75 da Neil Gaiman ya rubuta tsakanin 1989 da 1996. P. Craig Russell ne ya zana ta, ta fito a 1993.

Ga yadda labarin yake. Halifa Haruna Rashid yana mulkin Bagadaza a lokacin da babu birni kamarta a duniya: dardumai na tashi a sama, kasuwa cike da abubuwan mamaki, fada ta cika da malamai da mawaƙa. Duk da haka barci ya gagare shi. Ya ga kufan biranen da suka gabata a cikin hamada, ya san nasa ma ranarsa na zuwa. Sai ya sauka can ƙarƙashin fada ya ɗauko wani ƙwallon gilashi da aka ɗaure aljanu da ifiritai a ciki tun zamanin Annabi Sulaimanu, ya yi barazanar fasa shi in Sarkin Mafarki bai bayyana ba. Da ya bayyana, sai Haruna ya roƙe shi ya karɓi birnin baki ɗaya ya shigar da shi duniyar mafarki don kada ya mutu. Aka ƙulla ciniki. Haruna ya farka a wata Bagadaza mai ƙura, wadda ba ta da wani abin a zo a gani, bai tuna komai ba, sai dai ya ga wani baƙo riƙe da kwalba, a cikinta wani ɗan birni na ƙyalli. A shafukan ƙarshe ne za ka gane cewa wani tsoho ne ke ba wani yaro wannan labari a Bagadaza ta zamani da bama-bamai suka rugurguza, don 'yan kuɗin da yaron ya ba shi. Yaron ya dogara sandarsa ya bi ta cikin ɓaraguzai zuwa gida, kansa cike da wancan birnin.

Maganar gaskiya, Russell ya yi aiki. Shafukan farko kamar ƙofar masallaci suke, ado a kan ado, layi na lanƙwasa yana shiga layi. Saukar Haruna zuwa ƙarƙashin fada kuwa, gidajen zanen sai ƙara tsukewa suke suna duhu, har mai karatu ya ji numfashinsa na raguwa. Da aka iso Bagadaza ta zamani sai launin ya dushe, adon ya ɓace. Ba sai an rubuta maka an yi asara ba, idonka ya riga ya gaya maka. Wannan shi ne abin da labarin zane ke iyawa wanda zube ba ya iyawa cikin sauƙi, kuma don shi kaɗai ma littafin ya cancanci a neme shi.

Amma karatuna na farko da fushi na gama shi. Ina da aboki a Omdurman, Bahaushe ne ɗan ƙasa, kakansa ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa rabi Larabci ce. Da yammacin wata Juma'a, bayan mun kallo zikirin da ake yi a hubbaren Shehu Hamad al-Nil, muka zauna wurin wata mai shayi, na zazzage masa ƙorafina. Na ce wannan Haruna na Dare Dubu da Ɗaya ne kamar yadda Turawa suka fi son sa, mai ƙwaraƙwarai da kurkuku da darduma mai tashi. Haruna na tarihi, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, a littattafanmu an san shi da yawan hajji da fita yaƙi, kuma tun 796 ya ma bar Bagadaza ya koma Raƙƙa da zama. Sannan ta yaya za a ce shugaban Musulmi, a cikin watan azumi, da damuwa ta ishe shi, ya rasa wanda zai kai wa kuka sai wani sarkin mafarki? An sa wa labarin sunan Ramadan, amma azumin bai wuce ado ba. Inda ya fi fitowa shi ne wurin da baƙon ya nemi giya, Haruna ya tuna masa watan da ake ciki.

Abokina ya kurɓi shayinsa ya ce, “Ya zol, kai ka tsaya a kan darduma. Ni yaron nan mai sanda nake kallo.” Ya ce marubucin ya san Bagadazar da ya zana ƙarya ce, shi ya sa ya sa ta a bakin tsohon da ke sayar da labari. An rubuta shi ne bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, don masu karatun da suka kalli ruwan bama-bamai a talabijin kamar wasan wuta, a nuna musu akwai yara a ƙasan wutar. Ban yarda da shi ba a ranar. Na ce shafi biyu na tausayi ba sa wanke shafi talatin na kallon ƙauye.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ni na riga na dawo gida. Ɗaliban Najeriya da suka rage aka kwashe su ta iyakar Masar da ta Port Sudan. Abokina ya bi ayarin masu gudu, yanzu yana Alƙahira. Aka wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum. Ɗakin karatun cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone da littattafansa. Cikin waɗannan watanni na sake buɗe kundin nan mai yagaggen bango, sai na tarar ba na iya wuce shafukan ƙarshe. Na kuma kama kaina ina yin abin da Haruna ya yi. Duk wanda ya tambaye ni Khartoum, sai in ba shi Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa, in ba shi tsibirin Tuti, da ƙamshin jabana da turaren wuta a bakin titin Nilu, da mutanen da za su ja hannunka ƙarfi da yaji ka sha ruwa tare da su a kan tabarma in magariba ta riske ka a hanya cikin azumi. Duk gaskiya ne. Amma kwalba ce.

Abin da ba ya shiga kwalbar shi ne abin da abokina ya sani ni kuma na ɗanɗana kaɗan. Khartoum ɗin nan mai karamci ita ce inda kalmar Fallata ke iya zama zagi a bakin wasu, ga mutanen da kakanninsu suka zauna a ƙasar tun kafin a haifi mai zagin, wasu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. A watan Yulin 2022, bayan kashe-kashen da aka yi a jihar Blue Nile, Hausawa sun fito zanga-zanga a Khartoum, aka tarbe su da barkonon tsohuwa. Wannan fa kafin yaƙi ne, a cikin zamanin da yanzu muke kira na zaman lafiya. A nan na ga inda labarin Gaiman ya fi rauni, kuma ba wurin da na fara zarginsa ba ne. Haruna ya sayar da birni da mutanen cikinsa, bai shawarci ko mai tallan ruwa ba, sanarwa kawai ya yi musu. Labarin ya nuna mana kurkukunsa da masu azabtarwarsa a kan hanyar sauka, ya wuce su kamar suna cikin kayan adon fada. Baƙin cikin sarki shi ne abin da aka auna. Na wanda ke ɗaure a ƙasa ba a tambaya ba.

Littafin da ya yi wannan tambaya daga Alƙahira ya zo mini, abokin nawa ne ya aiko. Shubeik Lubeik na Deena Mohamed, 'yar Masar, wanda kashinsa na farko ya fito da Larabci a 2017, fassarar Ingilishi kuma a 2023. Nan ma akwai kwalba da aljani, amma biyan buƙata haja ce da ake haƙowa a sayar, tana da daraja-daraja. Mai daraja ta ɗaya tana cikin kwalba, sai masu hali. Ta talaka a gwangwani take, kuma takan juya wa mai ita roƙonsa ya zame masa bala'i. Wani mai kanti a bakin titi, Shukri, ya gaji kwalabe uku masu daraja ta ɗaya, ya ƙi taɓa su don yana ganin addini bai halatta ba, ya sa su a kasuwa. Aziza, matalauciyar da mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana tara kuɗi ta sayi ɗaya, sai hukuma ta kama ta, don a ganinsu mace irinta ba ta da hanyar mallakar irin wannan abu sai ta sata. Nur, wanda ya fito daga gidan wadata yana jami'a, yana da kuɗin saye amma ciwon damuwa ya hana shi sanin abin da zai roƙa. Na uku kuwa ya dawo kan Shukri da kansa, lokacin da wata tsohuwa Kirista da suka shaƙu ta kamu da ciwo, imaninsa da tausayinsa suka ja shi gefe biyu.

Duba bambancin. A wurin Gaiman addini labule ne da aka rataya don wurin ya yi kama da Gabas. A wurin Deena shi ne ke hana mutum barci, kamar yadda yake hana kowannenmu in an ce ga mafita amma akwai shubuha. Zanenta bai kai na Russell ƙawa ba, yawancinsa baƙi da fari ne, wani wurin ma sai ta tsaya ta yi maka bayanin dokokin hajar kamar takardar wayar da kai ta ma'aikatar lafiya, abin da kan rage wa labarin gudu. Amma ta san farashin komai, ta san wanda za a tare a ofis da wanda za a buɗe wa ƙofa. Da za a ba ni zaɓin wanda zai zana Omdurman, ita zan ba, ko wani daga cikin matasan Sudan irin waɗanda Khalid Albaih ya tattaro ayyukansu a littafin Sudan Retold a 2019.

Saura maganar marubucin, wadda ba zan tsallake ba. Daga 2024 mata da dama sun fito sun zargi Gaiman da cin zarafinsu ta hanyar lalata. Ya musanta cewa ya taɓa tilasta wa wata. A Janairun 2025 kamfanin Dark Horse ya daina buga ayyukansa. Ni ba alƙali ba ne, amma ƙarya nake in na ce ina karanta shi kamar da. The Sandman cike yake da maza masu iko da ke riƙe wasu a hannunsu, har akwai labarin wani marubuci da ya kulle wata baiwar hikima a ɗaki yana cin zarafinta don ya sami abin rubutawa. Da can ina ɗaukar wannan a matsayin tonon asirin masu irin halin. Yanzu in na iso wurin sai in rufe littafin. Ban jefar da kundina ba, rabin abin da ke cikinsa ma hannun Russell ne da sauran masu zane, sai dai na daina ba matasa shi ba tare da na gaya musu abin da ake faɗa a kan mai shi ba.

Bayan sojoji sun karɓe tsakiyar Khartoum a watan Maris na 2025, wani maƙwabcin abokina ya koma Omdurman ya ɗauko masa bidiyon gidansu. Ya turo mini. Babu ƙofa, babu taga, an zare har wayoyin wuta daga bango, bishiyar lemun tsamin tsakar gida ta bushe. Na rubuta masa cewa na sake karanta labarin nan, kuma ina ganin shi ya fi ni gaskiya a kan yaron mai sanda. Sai da aka kwana biyu ya amsa, da saƙon murya, ana jin hayaniyar motocin Alƙahira a bayansa. Ya ce shi kuma yanzu ya dawo ra'ayina, don ɗansa mai shekara shida ya fara tambayarsa yadda Omdurman take, ya ji kansa yana ba shi labarin kasuwa da kogi da zikirin Juma'a, ya rasa ta inda zai fara sauran. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu kundin na wurina, in ɗauki hoton shafukan ƙarshe in turo masa.