Tafiyar Ƙasa da Zaman Mashaya a Birnin Dublin: Nazari a Kan Littafin Ulysses

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ƙagaggun labarai sun saba ɗaukar wurin da labari ya auku tamkar tabarma, wato abin da taurari ke takawa su wuce. Littafin Ulysses na James Joyce (1882–1941), wanda aka buga a Faris ran 2 ga Fabrairu, 1922, yana cikin littattafan da suka rushe wannan ɗauka. Babi 18 ne, kuma dukkan labarin ya auku ne daga safiyar Alhamis, 16 ga Yuni, 1904, zuwa tsakar darenta, a Dublin, babban birnin Ailan, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda marubucin ya yi amfani da tafiyar ƙasa ya sauya darajar wurare, ya ƙasƙantar da gine-ginen tarihi, ya mai da mashaya fagen da ake yanke hukuncin wanda yake ɗan ƙasa. Daga nan za a duba abin da masu bin sawun littafin suke samu da abin da yake kuɓuce musu.

2.0 Ƙafa a Matsayin Ma'aunin Labari

Joyce ya bar Dublin a 1904, kuma bayan ziyarar 1912 bai sake taka ta ba. A Trieste da Zurich da Faris ya rubuta littafin, tsakanin 1914 da 1921, yana dogaro da tunaninsa da taswira da kundin Thom na 1904, mai ɗauke da sunayen tituna da kantuna da masu gidaje. A 1921 har ya rubuta wa matar kawunsa yana tambayar ko mutum matsakaici zai iya tsallake shingen ƙarfen gida mai lamba 7 a Titin Eccles ya dira bai ji rauni ba, domin haka tauraronsa zai yi da dare, bayan ya manta da mabuɗi. Abokinsa Frank Budgen kuwa ya ruwaito a 1934 cewa da taswira ya tsara babi na 10, yana lissafin mintocin da kowane mutum zai ɗauka daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wannan ƙididdiga tana da amfani ga jigo. Tauraron labarin, Leopold Bloom, ɗan shekara 38 ne, sana'arsa nema wa jarida tallace-tallace, saboda haka yawo aikinsa ne. Amma akwai dalili na biyu: ya san cewa da ƙarfe 4 na yamma wani mai suna Boylan zai ziyarci matarsa Molly a gida. Ke nan yawon nasa gudun gida ne. A babi na 8, alal misali, ya tsallaka Gadar O'Connell a kan Kogin Liffey, ya wuce Kwalejin Trinity, ya bi Titin Grafton, ya ci abinci a Titin Duke, sannan ya faɗa ƙofar gidan tarihi a Titin Kildare don kada su yi ido biyu da Boylan. Tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba, amma kowane kanti da kowane wari yana ta da masa zancen zuci, wani a kan yunwa, wani a kan ɗansa Rudy da ya mutu yana da kwana 11. Saurin ƙafarsa shi ne saurin jimlolin babin.

3.0 Gine-ginen Tarihi

Abin lura shi ne, Joyce ba ya tsayawa ya siffanta gini yadda littafin jagoran baƙi zai yi. Sunan wuri kawai yakan ambata, kamar yadda ɗan gari yake yi. Hasumiyar Nelson, wadda aka kammala a 1809 don tunawa da jarumin sojan ruwan Ingila, ita ce tsakiyar birnin, amma a babi na 7 tashar taragon lantarki ce kurum. Da matashi Stephen Dedalus ya ba da labari a kanta, na wasu tsofaffin mata biyu ne da suka hau ƙololuwarta, jiri ya kama su, suka zauna suna shan 'ya'yan itace suna tofar da ƙwallayen. Tsohon ginin majalisar Ailan kuwa, tun bayan dokar haɗewa da Birtaniya ta 1800 ya koma banki. Haka kuma, a hanyar maƙabartar Glasnevin, masu rakiyar gawa sun wuce wurin da aka aza harsashin mutum-mutumin Parnell, jagoran 'yan kishin ƙasa da ya rasu a 1891, ga harsashi babu gini, domin sai a 1911 aka ƙaddamar da shi.

Babi na 10 ya ƙara fito da wannan hoto. An raba shi gida 19, ya buɗe da tafiyar wani limamin coci, ya rufe da ayarin Wakilin Sarkin Ingila yana ratsa gari a keken doki. Tsakanin waɗannan iko biyu talakawa suke kai da kawo, wasu su gai da ayarin, wasu ko ɗaga kai ba su yi ba. Ma'anar a fili take: alamun mulki suna tsaye a titi, amma rayuwar gari ba ta ratsa su.

4.0 Mashaya

Inda rayuwar take shi ne mashaya. Tun da safe Bloom ya raya a ransa cewa da wuya mutum ya ratsa Dublin bai wuce ƙofar wata ba. Uku daga cikinsu sun isa misali. A ta Davy Byrne ya ci burodi da cuku, ya sha kofi ɗaya na giyar inabi, ya fita, aka bi shi da gulma. A ta otel ɗin Ormond ya zauna a ɗakin cin abinci yana jin waƙar da wasu ke rerawa a ɗaya ɗakin, daidai lokacin da Boylan ya nufi gidansa. A duka biyun a gefe yake.

Ta uku, wato ta Barney Kiernan a babi na 12, ita ce ƙashin bayan jigon. Al'adar wurin ita ce kowa ya saya wa kowa bi da bi, kuma wannan sayayya ita ce shaidar zama ɗan gida. Bloom ya ƙi giya, ya karɓi taba. Daɗin daɗawa, jita-jita ta bazu cewa ya ci caca a sukuwar Ascot, alhali kuwa kuskuren ji ne: da safe ya ce wa wani zai yar da jaridarsa, kalmar ta yi daidai da sunan dokin da ya yi nasara. Sai aka ɗauke shi marowaci, ga shi mahaifinsa Bayahude ne daga Hungari. Wani mai zafin kishin ƙasa ya tuhume shi a kan wace ce ƙasarsa, ya amsa cewa a Ailan aka haife shi, aka ƙare da jifansa da gwangwanin biskit. Abin da ya kawo shi wurin kuwa shi ne taimaka wa matar mamacin da aka binne da safe. Ashe mashaya ce ta gaji majalisar da ta koma banki, kuma hukuncinta bai fi na masu mulki adalci ba.

Tsarin yana da nasa rauni. Mai karatu da bai san birnin ba yakan ɓace cikin sunayen da ba a bayyana su ba. Bugu da ƙari, birnin na maza ne: a mashaya mata masu zuba giya ne kawai, Molly kuma a gida ta yini, ba ta sami cikakkiyar murya ba sai a babin ƙarshe.

5.0 Bin Sawun Littafin

A 1954 wasu marubuta, ciki har da Patrick Kavanagh da Brian O'Nolan, suka tashi daga hasumiyar Sandycove, inda labarin ya fara, da niyyar bin hanyar duka. Shaye-shaye ya rinjaye su, tafiyar ta tsaya a mashayar Bailey. Daga nan bikin 16 ga Yuni na Dublin ya samo asali. A 1988 aka kafa allunan tagulla 14 a daɓen tituna bisa hanyar babi na 8. Sai dai birnin ya sauya: an tarwatsa Hasumiyar Nelson da bam a 1966, gidan Titin Eccles ya rushe, ƙofarsa kaɗai aka ceto a 1967, mashayar Kiernan kuma ta daina aiki tun tuni.

A nan ne haɗarin fassara yake. Mashayar da ta tsira har ta zama dandalin bikin ita ce ta cin burodi da cuku, wadda aka yi tuhuma da jifa a cikinta kuwa ta ɓace. Mai bin sawu yakan tsaya ya ɗaga kai ya kalli abin da Bloom ya wuce bai kula ba, ya kuma shiga cikin taron da ya ware Bloom. Ya sami hanyar, amma matsayin mai tafiyar ya kuɓuce masa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda tafiyar ƙasa ta zama ma'aunin salo a Ulysses, yadda gine-ginen tarihi suka zama alamun ikon da ba ya taɓa zukatan mutane, da yadda mashaya ta zama kotun ɗan ƙasa da baƙo. Darasin ga mai koyar da adabi shi ne, tambayar inda labari ya auku ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tambayar wa aka bari ya zauna a wurin, wa kuma aka bar wa titi. Taswira za ta amsa ta farko. Ta biyu kuwa sai an koma ga babi na 12.