Jikin Dodo a Cikin Tatsuniya

Ɗalibin da ya karanta tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara, waɗanda aka buga littafi uku tsakanin 1911 da 1913, yakan yi tambaya: shin yaya kamannin Dodo suke? Zai bincika daga farko har ƙarshe, ba zai sami wurin da aka siffanta shi tun daga kai har ƙafa ba. Waɗansu sukan ɗauki wannan a kan kasawar masu tatsuniya. Ba kasawa ba ce.

Dodo yana magana kamar mutum, yana da gida, har yakan auri 'yar mutane. Mai tatsuniya ba ya ambaton gaɓoɓinsa sai waɗanda labari yake bukata. In ana so a tsorata yara, sai a ba shi murya da gashi buzu-buzu. In kuwa ana so ya haɗiye mutane da shanunsu, sai a ba shi ciki, watau ciki mai faɗin da in an farke shi za su fito da ransu. Sauran jikin an bar wa mai sauraro ya ƙera da kansa a cikin duhu, gama da dare ake tatsuniya.

Larabawa sun bi wata hanya dabam. Malam Alƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo labarin Nasnas cikin littafinsa na abubuwan al'ajabi na halitta. Rabin mutum ne: rabin kai, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, da tsalle yake tafiya. An ƙidaya gaɓoɓinsa duka, saboda haka mai karatu yakan yi mamaki, amma ba ya jin tsoro.

Hausawa ma sukan canza gaɓa guda kawai. Aljana takan zo da siffar budurwa kyakkyawa, ba a gane ta sai an dubi ƙasa an ga kofato.

Saboda haka wanda zai juya tatsuniya zuwa harshensa ya yi hattara. In ya sa wa Dodo sunan wani ƙaton da mutanensa suka riga suka san kamanninsa, ko ya zana hotonsa a gefen shafi, to, ya ƙwace wa mai sauraro aikinsa, tsoron kuwa ya ragu.