Jinjina Ga Masu Gyaran Giyar Otomatik

Duk mai a-kori-kura da ke jigilar gero da awaki tsakanin Babban Mutum da Daura ya san ɗaura sabon inji ba shi ne ƙarshen wahala ba. A sayo injin Hilux a Kofar Ruwa ta Kano, a ɗaura, ya tashi lafiya lau, amma giya ta ƙi shiga, ko ta maƙale a ta biyu.

A nan ake gane gwanin bakanike. Ba ya gaggawar sauke giyabos. Zai fara zaro sandar gwajin mai ya duba: ja ne, ko ya yi baƙi yana warin ƙuna? Sannan ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa birenbos ɗin tsohon inji ne ba ya jituwa da sabon. Wani lokacin kuma konbata ce ba a zaunar da ita daidai ba, ta fasa famfon mai.

Mai mota na tsaye yana ƙorafin ranar kasuwa za ta wuce shi, oga ko a jikinsa. Sai ya loda wa motar buhuna, ya hau titin Baure ya ji canjin kowace giya, kafin ya miƙa makulli. Allah ya ƙara basira.