4.3 Raunin Warwarar Jigo a Fim ɗin Aarakshan

Babban jigon wannan fim na Prakash Jha, wanda ya fito a 2011, shi ne keɓe gurabe, kuma ma'anar sunansa ke nan a harshen Hindi. Gwamnatin tarayyar Indiya takan keɓe kashi 15 cikin ɗari na guraben aiki da na manyan makarantunta ga 'yan Dalit, wato waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa jikinsu saboda asalinsu, da kashi 7.5 ga wasu ƙabilu, sannan kashi 27 ga sauran rukunonin da aka bari a baya. A 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan kaso na ƙarshe a makarantu, kuma a kan hukuncin aka ɗora labarin.

Idan aka lura, farkon fim ɗin ya riƙe jigon da kyau. Deepak, malami ɗan Dalit, yana ganin kason hakki ne da aka daɗe ana danne musu. Abokinsa Sushant kuwa yana ganin an ƙwace masa gurbin da ya ci da guminsa. Kowanne an ba shi bakin magana, har mai kallo ya zaci za a zurfafa.

Amma daga tsakiya sai fim ɗin ya saki layi. Rikicin ya koma tsakanin shugaban kwaleji Prabhakar Anand, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, da Mithilesh mai cinikin darussan kuɗi. Prabhakar ya shiga koyar da yara kyauta a garken shanu, aka mance da maganar kaso. A ganin mai wannan nazari, nan ne babban raunin. Hakkin da tsarin mulki ya tanadar an mayar da shi alherin mutum guda, mutumin kuma ba ɗan Dalit ba. Deepak, wanda ya kamata ya zama babban tauraro, ya zama ɗan rakiya.

Zaɓen 'yan wasa ma abin dubawa ne, domin Saif Ali Khan da aka ba matsayin Deepak ɗan gidan sarautar Pataudi ne. Abin mamaki, jihohin Uttar Pradesh da Punjab da Andhra Pradesh sun hana nuna fim ɗin da farko don gudun tarzoma, alhali shi kansa ya kauce wa tambayar da ake tsoro.